Fili, Takarda da Ɗakin Haya: Nasiha ga Matasan Dayi da Kewaye

Sayen fili da gina ɗakin haya na daga cikin hanyoyin da mutanen kudancin Katsina suka daɗe suna adana dukiya da su, tare da kiwo da ajiyar hatsi. A yankin Funtua da Malumfashi kuɗi yakan shigo hannun matashi sau ɗaya ne a shekara, bayan an cire masara, dawa, waken suya ko auduga an kai kasuwa. Kuɗin da ya zo a dunƙule kuwa, in ba a ɗaure shi a wani abu mai nauyi ba, kafin bazara ya bi ta babur, waya da hidimar biki. Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki farashin naira, ajiye tsabar kuɗi ya zama asara ƙarara. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a shekara, wato kuɗin da aka ɓoye a akwati ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa a wata 12. Shi ya sa hankalin matasa da yawa ya koma kan ƙasa, kuma hakan daidai ne. Sai dai harkar tana da ƙa'idojinta, kuma yawancin waɗanda suka yi kuka a cikinta sun yi ne saboda abin da suka tsallake tun kafin su biya kuɗi.

Abin da ke ba fili daraja shi ne mutanen da za su buƙace shi. Dayi tana da wannan gatan, domin mararraba ce: a nan hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Gwarzo take haɗuwa da babbar hanyar da ta fito daga Funtua ta ratsa Malumfashi ta nufi Yashe da Katsina. Garin yana da kasuwa, yana da kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya, kuma motocin hatsi suna bi ta cikinsa zuwa Dawanau. Tarihin Funtua ya nuna yadda irin wannan matsayi yake aiki. Layin dogon da ya taso daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda da cinikin auduga ne suka tara mata jama'a, daga baya masaƙa ta zo, a 2024 kuma aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu. Dutsin-Ma misali ne na kusa-kusa: da aka kafa jami'ar tarayya a can a 2011, gonakin bakin gari suka koma fuloti, ɗakin haya ya yi tsada. Don haka tambayar farko ga mai son saye ita ce, wa zai zo ya zauna ko ya yi sana'a a wannan wuri nan da shekara 5 ko 10, kuma me zai kawo shi? Fili mai arha a inda babu dalilin zuwan kowa zai daɗe yana arha.

Kafin ciniki, ya kamata matashi ya san ainihin abin da yake saye. A dokar Najeriya ba a sayen ƙasa kanta, haƙƙin zama a kanta ake saye. Tun 1910 Turawan mulki suka sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan haka, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta game ƙasar baki ɗaya. Wannan doka ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta a matsayin amana. Inda aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da takardar mallaka, wadda ga gidan zama yawanci ta shekara 99 ce. A karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takardar haƙƙin gargajiya. Dokar ta ba gwamnati damar karɓe fili don aikin jama'a kamar hanya, makaranta ko asibiti, kuma diyyar da ta tanada ta fi karkata ga abin da aka yi a kan filin, gini ko bishiyoyi ko amfanin gona, ba farashin da mutum ya saya a kasuwa ba. Wanda ya sayi fili tsirara a inda gwamnati ke da niyyar aiki yana iya fita da abin da bai kai rabin kuɗinsa ba.

Daga nan ne bambancin awon gwamnati da awon igiya ya taso. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da tituna, ta ba kowane fuloti lamba. Ya fi tsada, ya fi kwanciyar hankali. Awon igiya kuwa mai gona ne ko dillalai suke yanka gona su sayar, kuma shi ne mafi yawan abin da ake samu a Dayi da garuruwa irinta. Ba haramun ba ne, dubban gidaje a kansa suke zaune, kuma shi ne ƙarfin talaka ke kaiwa. Illarsa ita ce duk binciken da hukuma za ta yi ya koma kan mai saye.

Binciken yana farawa ne daga mai sayarwa. Ta yaya filin ya zo hannunsa: saye, gado, kyauta, ko kuwa aro ne ko jingina da aka daɗe ana nomawa har aka manta asalinsa? A ƙasar noma wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin akwai gonakin da aka ba da jingina tun zamanin kakanni, masu su kuma suna nan da ransu ko jikokinsu. Filin gado shi ya fi kowane jawo shari'a. Sau da yawa babban wa yakan sayar da gonar mahaifinsu alhali ba a raba gado ba, ƙannensa mata suna gidajen aure a Kafur ko Bakori ba su da labari, wani ƙane yana ci-rani a Legas, akwai kuma marayun da ba su balaga ba. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, cinikin na iya rushewa ko da an yi gini. A mazhabar Malikiyya akwai kuma shuf'a, haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare a dukiyar da ba a raba ba, ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Mai saye a nan bai yi asarar kuɗi ba a ido, amma an mayar masa da naira da ta riga ta rame. Maganin abin shi ne a nemi takardar rabon gado, in babu ita a tara magada duka, maza da mata, kowa ya sa hannu ko ya aiko wakili da shaida. Matashin da kunya ta hana shi neman jin ta bakin mata magada ya cuci kansa, ya kuma taimaka an cuce su.

Mai unguwa da dagaci su ne taskar tarihin filayen gari, kuma ciniki ba tare da saninsu ba ganganci ne. Su suka san wace gona ce aka taɓa yin rikici a kanta, wace ce wakafi, wace ce tsohuwar maƙabarta. Amma sa hannunsu shaida ce, ba takardar mallaka ba, kuma bai ɗauke wa mai saye tambayar maƙwabtan filin ta kusurwa huɗu ba. Dillali ma yana da amfaninsa, shi ya san inda fili yake da wanda ke neman kuɗi. A tuna dai la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, don haka gaggawa ribarsa ce. Duk filin da aka ce sai yau, gobe wani Alhaji zai zo daga Kano da kuɗi a hannu, ya cancanci a ƙara masa mako guda na bincike. A yanka la'ada tun farko, a san wanda zai biya, kuma a ga mai filin ido da ido. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku tsohuwar cuta ce, kuma ta fi samun waɗanda suka aiko da kuɗi daga nesa ba su taka wurin ba.

Sai kuma ita ƙasar kanta. Yawancin ciniki da kaka da rani ake yi, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau. Filin da za a zauna a kai da damina ake saninsa, musamman a watan Agusta. Yankin nan yana samun ruwa fiye da arewacin jihar, akwai fadamu da baƙar laka mai riƙe ruwa wadda take tsagewa da rani ta tsaga gini tare da ita, akwai kuma kwazazzabai da suke cin gaba kowace shekara. Wanda bai iya jiran damina ba ya duba alamu: irin ciyawar da ke wurin, layin danshi a katangun maƙwabta, inda yashi ya kwanta bayan ruwa ya wuce. A tambayi zurfin rijiyoyin unguwar, domin akwai wuraren da dutse yake kusa, haƙa rijiya ko masai ya zama aiki mai cin kuɗi.

Akwai wuraren da ko kyauta aka bayar ba a karɓa. Burtali da makiyaya na farko. Toshe hanyar dabbobi na cikin abubuwan da suka hura wutar da wannan yanki yake fama da ita, kuma wanda ya yi gini a kai ya sayi fitina ga kansa da garinsu. Bakin babbar hanya shi ne na biyu, kuma ya shafi Dayi kai tsaye: a hanyar gwamnatin tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe na hanyar ne, wato ƙafa 150. Shagon da aka gina a ciki yana kawo ciniki yau, amma ranar da aka zo faɗaɗa hanya zai sha jan fenti, kuma mai shi ba shi da bakin magana. Haka nan ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

A auna fili da tef a gaban mai saye, kada a yarda da taku ko nuni da hannu. Fulotin da aka saba shi ne ƙafa 50 da 100, kimanin murabba'in mita 465, sai rabinsa 50 da 50, sai babba 100 da 100. A tabbatar hanyar da za ta kai mutum filin tana cikin yarjejeniya da faɗinta, domin a awon igiya an sha sayar da fili sannan a sayar da hanyarsa.

In an gamsu, sai rubutu. Takardar ciniki ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, inda filin yake, tsawo da faɗi, sunayen maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa, kuɗin da aka biya, kwanan wata, shaidun kowane ɓangare da hatimin mai unguwa ko dagaci. In kafin alƙalami aka bayar, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in an saɓa. Biya ta banki ya fi, saboda yana barin sawu. A karɓi tsofaffin takardun filin duka, kada a bar ko ɗaya a hannun mai sayarwa. Bayan haka a kira safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a nemi takardar ƙaramar hukuma a Malumfashi, in kuma wurin yana cikin yankin da aka ayyana birni a bi ta ma'aikatar filaye da hukumar KATGIS da jihar Katsina ta kafa don rajistar filaye ta kwamfuta. Matakan suna cin lokaci da kuɗi, shi ya sa mutane suke ɗagawa. Amma fili mai rajista ya fi tsada in an zo sayarwa, banki yana karɓarsa jingina, kuma shi ake fara saurara in batun diyya ya taso. Kafin a kammala wannan, a nuna filin yana da mai shi: a zuba bulo a kusurwoyi, a dasa bishiya, ko a ba wani amintacce ya riƙa noma gyaɗa ko wake a ciki da sanin mai unguwa.

Batun jari shi ne inda matasa suka fi yin kuskure mai wuyar gyara, wato sayar da gona don a gina gida. Gona ce saniyar tatsa, gini kuwa sai ya sha shekaru yana ci kafin ya fara bayarwa. Wanda ya sayar da gonar gadonsa ya kai gini linta kuɗi suka ƙare ya rasa abincin shekara, bai kuma samu haya ba. Hanyar da ta fi dacewa da mai samun kuɗi da kaka ita ce a raba aikin bisa kakanni: kakar bana fili, ta baɗi bulo da harsashi, ta gaba rufi. Tsakanin kaka da kaka, adashi da turkar raguna ko sa don kasuwar Layya suna cike giɓi. Mace mai sana'a ko wadda ta samu gado ko sadaki tana da wannan damar daidai da namiji, kuma ya kamata takarda ta fita da sunanta, ba na miji ko na wa ba. In abokai ko 'yan'uwa suka haɗa kuɗi, a rubuta kason kowa da yadda wanda yake son fita zai fita, tun ana dariya.

Ma'aikacin gwamnati yana da wata ƙofa da da yawa ba su taɓa ƙwanƙwasawa ba. Tun 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi kowane wata a tura wa bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Mai zubi yana da haƙƙin neman rance na tsawon shekaru har 30 da ruwan kashi 6 cikin 100, wanda bai karɓa ba kuma yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa in ya yi ritaya. Ruwan da ke ciki ya sa Musulmi da yawa suka ƙaurace masa, kuma wannan uzuri ne mai ƙarfi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna bi ta murabaha ko ijara ko tarayyar da kason banki yake raguwa a hankali. Sai dai dukansu suna neman albashi ko ciniki mai rajista da takardar fili ingantacciya, kuma ribar da suke ɗorawa ba ƙarama ba ce. A karanta jimillar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe kafin sa hannu. Rancen manhajojin waya kuwa, mai wa'adin makonni da ruwa mai nauyi, ba shi da gurbi a harkar gini ko kaɗan.

Me za a gina? Nan ne son a gani yake ɓatar da mutane. Matashi ya ga gidajen Abuja a waya, ya zana falo uku da dogon rufi, a garin da babu mai iya biyan hayarsa. Masu neman muhalli a Dayi, Malumfashi da Funtua sanannu ne: malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka turo daga wani gari, ɗalibai irin na makarantar ungozoma ta Malumfashi da makarantar share fagen shiga jami'a ta Ahmadu Bello da ke Funtua, sabon ango da gidan gandu ya yi wa kaɗan, direba, ɗan kasuwar hatsi, da kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da Dandume. Abin da waɗannan suke nema ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, da ruwa kusa, da banɗaki mai tsabta, da ƙofar da ke kulluwa. Gwamnati ta sha gwada cike wannan giɓi. Gidajen Shagari da aka gina tsakanin 1979 da 1983 har yau da sunansa ake kiran unguwanninsu a garuruwa da yawa. A 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya, ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar nan, ta aza harsashin gidaje 250 a Katsina. Aiki ne mai kyau, amma gida 250 a babban birnin jiha ba zai kai ga malamin firamare a Dayi ba. Gidan talaka a wannan ƙasa ƙananan masu gini ne suke samar da shi, ɗaki biyu nan, huɗu can, kuma matashin da ya shiga wannan sahu yana neman halalinsa ne yana kuma toshe wata ɓaraka ta gaske.

Kusa da kasuwa ko bakin tasha, shago da sito sukan fi ɗakin kwana saurin mayar da kuɗi. Yanki ne na hatsi, kuma daga kaka zuwa bazara 'yan kasuwa suna neman inda za su jibge buhuna. Sito ba ya son ado: daɓe mai tsayi da danshi ba ya hawa, iska, rufin da ba ya yoyo, ƙofar ƙarfe.

Tsadar siminti ta sa dole a sake duban kayan gini. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kusan ninkin farashinsa na shekarar da ta gabata. Ginin ƙasa da ake rainawa yana da fa'idar da bulo ba shi da ita: ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu, kayansa kuma a bayan gari suke. Tsofaffin soraye da masallatan ƙasar Hausa, irin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne cewa ƙasa tana daɗewa in an iya ta an kuma kula da ita. Ruwa ne abokin gabarta, ta sama da ta ƙasa. Shi ya sa haɗin da magina da yawa suke yi yanzu yake da ma'ana: harsashi na dutse ko bulo da siminti har ya ɗago daga ƙasa, bango na tubalin jar ƙasa, rufin kwano mai baki da ya fito sosai ya kare bango, sannan yaɓe. Akwai kuma tubalin da ake matsewa da inji bayan an gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan. Wanda ya zaɓi bulo ya lura da yawan da ake bugawa a buhu ɗaya, domin bulon da aka tsawaita masa yashi yana marmashewa a hannu, kuma arharsa ta ƙarya ce. Wurare uku ba a yi musu rowa: harsashi, linta da katakon rufi. Guguwar farkon damina kowace shekara tana kwashe rufin da ba a ɗaure shi da bango ba.

Tsarin da ya fi amfani shi ne a zana gidan gaba ɗaya a takarda tun farko, inda rijiya za ta zauna, inda masai zai zauna, inda kwata za ta bi, sannan a gina ɗaki biyu a gama su tsaf a sa mutane. Hayarsu ta taimaka a ɗora na gaba. Ɗaki biyu da aka gama sun fi takwas da suka tsaya kango, ruwa yana dukan bulo, rodi yana tsatsa. A nesanta masai da rijiya gwargwadon iko, mita 15 ne mafi ƙaranci da ake ba da shawara, 30 ya fi, kuma masai ya kasance ta gangare. A fuloti ƙarami wannan yana nufin a yi shawara da maƙwabci, don kada masan wani ya zauna jikin rijiyar wani. Kowane ɗaki ya samu taga biyu da iska za ta ratsa. A cikin gari, a nemi izinin gini daga hukumar tsara birane kafin a fara. Da magini kuma a yi jinga mataki-mataki, a biya bayan an ga aiki, mai gini ya sayi kayansa da kansa ko ya sa wanda ya yarda da shi.

Lissafin haya yana buƙatar gaskiya. A ɗauka, don misali kawai, fili da ɗaki biyu sun ci naira miliyan 4, hayarsu a shekara kuma 240,000. Wannan kashi 6 cikin 100 ne, kuma sai an shekara kusan 17 kafin kuɗin su dawo, ba a cire gyaran rufi, yashe masai, fenti da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa ba. A ƙaramin gari haya ba ta sa mutum ya yi arziki da sauri. Ribar gaske tana cikin darajar filin da ke tashi tare da garin, da kuma kasancewar dukiyar ba ta narkewa kamar naira. Kishiyar wannan ita ce gida ba ya sayuwa rana ɗaya. Mai buhun masara in rashin lafiya ta taso gobe zai kai kasuwa, mai fili kuwa sai ya jira mai saye, in ya matsu a taya masa a wulaƙance. Saboda haka ba a zuba duk abin da aka mallaka a ƙasa. A bar kuɗin taki da na asibiti a inda hannu zai kai. Tsaro ma yana cikin lissafi: unguwar da mutane suke gudu daga cikinta farashinta yana faɗuwa komai kyan gini, kuma fili a cikin gari ko jikinsa ya fi wanda ya yi nisa shi kaɗai.

Zama da ɗan haya shi ma a rubuce ya fi: nawa ne, yaushe ake biya, wa ke gyaran me, mutum nawa za su zauna, wane wa'adi za a bayar in za a tashi. A ba da rasit kowane biya. Doka ba ta yarda mai gida ya cire ƙofa ko rufi ko ya watsar da kayan ɗan haya ba, sai ya ba da sanarwa, in ta ƙi ya je kotu. A garin da kowa ya san kowa, dattawan unguwa sukan kashe irin wannan magana kafin ta kai can. Ga manomi da ɗan kasuwar hatsi, sa lokacin biya ya dace da kaka yana rage saɓani. Ɗan haya mai biya a kan kari, mai kula da gida, ya fi ƙarin kuɗin da zai kore shi a kawo wanda ba a sani ba. Game da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka kuwa, ninka musu haya don an ga ba su da zaɓi zalunci ne, ko da kasuwa ta ba da dama. Neman wanda zai tsaya wa baƙo da sanar da mai unguwa kafin a ba shi ɗaki ya wadatar wajen kare gida da unguwa.

Wanda harkarsa ta bunƙasa har ya kai ga sayen gona ya yanka, nauyin da ke kansa ya ƙaru. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, a lissafi tana ɗaukar fuloti 21 na 50 da 100, amma wannan kafin a fitar da hanya ne. Mai yanka na gari yana barin titin da mota biyu za su gifta, da hanyar ruwa, da wurin masallaci da makaranta, ko da fulotinsa sun ragu zuwa 14 ko 15. Unguwannin da aka yanka ba a bar komai ba su ne yau motar asibiti ba ta shiga, ruwan sama kuma yake kwana a tsakar gidaje. Ya kamata kuma a bar fadama da gona mai ƙarfi ga noma, a yanka tudu da fako, domin abincin da yankin ke fitarwa shi ne dalilin da ya sa filayensa suke da daraja tun asali.

Zakka tana shiga wannan dukiya ta fuskoki daban-daban. Gidan da mutum yake zaune ciki ba a fitar masa. Kuɗin haya ana haɗa shi da sauran kuɗi, in ya kai nisabi ya shekara a fitar. Filin da aka saya da niyyar kasuwanci hukuncinsa na kayan ciniki ne, kuma malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mai saye da sayarwa kullum da mai ajiyewa yana jiran farashi, don haka a kai wa malami bayanin yadda ake harkar ya faɗi wanda ya dace.

Takardun fili a yi musu kwafi, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye na asali inda gara, ruwa da gobara ba za su kai ba. A buɗe littafi guda a riƙa rubuta kowane fili, inda yake, shaidunsa, bashin da ake bin mai shi da wanda yake bi, da kason abokan tarayya in akwai. Mata da manyan 'ya'ya, ko wani ɗan'uwa amintacce, su san inda littafin yake, su kuma taka kowane fili da ƙafarsu su ga iyakarsa. In mutum ya ba wani ɗansa ko matarsa kyautar fili, ya miƙa shi a hannu da shaidu tun yana da lafiya, domin a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu tana komawa cikin gado, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada.